Jirgin ruwa mai tafiya da iska a Kano: wanne zan saya da mota za ta iya ja zuwa Tiga?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma na san za a yi mini dariya, to ku gama dariyarku sannan ku ba ni amsa. Bara da muka je Masar da iyali, a Aswan muka hau wani jirgin ruwa da ba inji, ba fetur, ba ƙara, sai wani ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Awa biyu muna kan kogin Nilu, har autanmu ya yi barci a cinyar uwarsa. Tun ranar abin bai bar raina ba. Ina so in mallaki ƙaramin irinsa, amma na zamani mai ɗan ɗaki a ciki, wanda ake ɗorawa a tirela a ja da mota. Niyyata ranar Asabar mu tafi dam ɗin Tiga mu kwana ɗaya, in yara sun samu hutu kuma mu yi mako guda a ruwa. Mu biyar ne, ni da maiɗakina da yara uku, babbar shekara 11, ƙaramin 4. Motata Sienna ce. Wata biyu ke nan ina kallon bidiyo a YouTube, kuma hankalina ya fi kwanciya da MacGregor 26. Wanda ya san harkar don Allah ya ce wani abu kafin in tura kuɗi.

Sarkin Tsokana:
Alhaji, Sienna ce za ta ja tirela? Sai dai mu nemo maka kan DAF. Kuma Bakano da jirgin ruwa, ikon Allah. Mu da iyakar ruwanmu kududdufin bayan badala.

Baban Hanifa:
Ba tirelar siminti ba, malam. 'Yar ƙarama ce mai taya biyu, kamar amalanke, ana maƙala ta a ƙugiyar bayan mota.

Malamin Hausa:
Kafin a yi nisa, ƙyallen nan yana da suna, filafili ake cewa, jam'insa filafilai. Dogon sandan da ake ɗaura shi a jiki kuma jigo. Kar mu wuni muna cewa tamfol.

Bakano a Amurka:
Wa alaikumus salam. Ni ba zan yi dariya ba, don ciwon da ke damunka ya taɓa kama ni. Shekara shida ina da Catalina 22 a nan jihar Mishigan, kuma na hau MacGregor na maƙwabcina sau da dama. Bari in fara daga tushe, don in ka gane shi ka gane rabin zaɓin.

Iska ba gaba kawai take tura jirgi ba, gefe ma take tura shi, tana neman kwantar da shi. Dole ke nan a samu abu biyu a ƙarƙashinsa: wani faffaɗan abu kamar takobi da zai nutse cikin ruwa ya hana shi zamewa gefe, da kuma nauyi da zai miƙar da shi in ya karkata. Manyan jirage takobinsu a kafe yake, shi ya sa ba sa hawa tirela cikin sauƙi. Waɗanda ake ja da mota kowanne da dabararsa. Catalina 22, wanda aka fara ƙerawa a 1969, takobinsa ƙarfe ne na kimanin kilo 250, ana naɗe shi sama da igiyar ƙarfe. In an naɗe, ruwan da bai wuce santimita 60 ba ya ishe shi, in an sake kuma sai ya nemi mita ɗaya da rabi. Shi kuwa MacGregor tanki gare shi a ciki. Kana sa shi a ruwa sai ka buɗe wata kafa, ruwa fiye da kilo 500 ya shiga ya zama nauyinsa. Za ka fita ka zubar. Shi ya sa duk girmansa ba ya yi wa mota nauyi sosai.

Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi. Ranar da ka manta ba ka cika tankin ba, ko ka cika shi rabi ruwan yana kai-kawo a ciki, ga yara a saman ɗaki, to kana kan jirgin da zai iya kifewa. Su kansu masu ƙera shi sun yi gargaɗi a kan haka. Sabon shiga mai yara uku suna kiran Baba ta ko'ina, ni ban so masa jirgin da tsaronsa ya rataya a kan kar ya yi mantuwa.

Na biyu, jigonsa ya kai mita tara. Ɗaga shi, ɗaure wayoyinsa, saka filafilai, kusan awa guda ne ga wanda bai saba ba, haka ma wajen saukewa. A zafin ranar Kano. Abin da na gani a nan shi ne, jirgin da haɗa shi ke cin awa guda, shekarar farko a fita da shi sau goma, ta biyu sau uku, ta uku ya zama ɗakin kaji.

Injiniya na Sharaɗa:
Yaya na Amurka ya yi maganar ruwa, ni bari in yi ta titi. Baban Hanifa, nauyin da kake gani a talla na jirgin ne tsirara. Ƙara tirelar, ƙara inji, batir, fetur, ruwan sha, anka (ƙarfen da ake jefawa a ruwa ya tsayar da jirgi), kula, tukwane. Ko Catalina 22 da ya fi ƙanƙanta, jirgin kaɗai ya haura tan ɗaya, in aka haɗa komai yana taɓa kilo 1,600. Iyakar abin da Toyota ta yarda Sienna ta ja ke nan, shi ma in tana da abin sanyaya man giya. Sannan ga ku biyar a ciki da kayanku, ga zafin titin Zariya. Giyar ce za ta fara kuka.

Wani abu kuma, yawancin Sienna da ke garin nan tayoyin gaba ne ke ja. A gangaren bakin ruwa wajen fito da jirgi, nauyin tirela yana danne bayan mota ya sassauta gaba. In ƙasan siminti ne da sauƙi. In laka ce, sai ka ga taya tana juyawa a wuri ɗaya, jirgi bai fito ba, mota ba ta fito ba. In ka nace sai babba, to ka sa kuɗin Hilux mai ja da ƙafa huɗu a lissafi.

Matashin Nassarawa:
Ni fa ban yarda da wannan taron dangi da ake yi wa MacGregor ba. Dubbai aka sayar, mutane suna ta yawo da iyalansu lafiya lau. Kuma akwai abin da ya fi sauran da shi wanda ya dace da mu: yana ɗaukar inji mai ƙarfin doki 50. Sauran in hadari ya taso sai dai ka yi ta jan jiki kamar hawainiya, shi kuwa ka sauke filafili ka ba shi wuta, kafin ruwa ya sauko kana gaɓa. Ga ɗaki da mutum zai miƙe tsaye, ga banɗaki mai ƙofa. Iyali fa aka ce, ba tsere za a je ba.

Bakano a Amurka:
Ƙanena, maganar ɗaki da banɗaki gaskiyarka ce, ba mai ja. Gudu ma haka, jirgi irin nawa ba ya wuce kilomita 10 zuwa 11 a awa komai iska, tsawon jikinsa ne ya ƙayyade masa. Amma wannan dogon ɗakin da kake yabo shi ne kuma bangon da iska ke kamawa lokacin da kake neman daidaita shi a bakin gaɓa. Kuma in dai inji mai doki 50 ne zai cece ka, ai ka sayi jirgin inji ka huta.

Jikan Sarkin Ruwa:
Sallama gare ku manya. Ni a bakin Tiga aka haife ni, kakana masunci, babana masunci, ni ne boko ya ɗauke. Tun ɗazu ina karantawa, duk ana maganar jirgi, ba wanda ya tambayi ruwan.

Tiga ba tafkin Turawa ba ne da yake tsaye wuri ɗaya. An gama dam ɗin a 1974 zamanin Audu Baƙo don noman rani, kuma aikin da yake yi ke nan har gobe. Ƙarshen damina yana cike, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 178. Daga nan sai a riƙa sakin ruwa zuwa Kadawa da Kura da gaba, rana ma tana shan nata. Inda ka sa jirgi a Oktoba, in ka dawo a Afrilu sai ka tarar da fili, ruwan ya ja baya, tsakaninka da shi laka. A gefenmu babu wani gangaren siminti irin na bidiyonku, turɓaya ce da duwatsu da taɓo. Jirgin da sai an tura tirela har ruwa ya shanye tayoyinta kafin ya taso, wahala za ka sha da shi.

Sai kututture. Wurin nan gonaki ne da ƙauyuka da daji kafin ruwa ya ci su. In ruwa ya ja, akwai itatuwa da kan duwatsu da ke kusa da sama ba ka ganinsu. Mu mun san wurarensu don an nuna mana tun muna yara. Takobin da in ya bugi abu zai lanƙwashe baya da kansa ya fi wanda zai tsaya ƙyam ya fasa cikin jirgi.

Na uku shi ne wanda zai haɗa ka faɗa da mutane: raga da mamari. Da yamma ake shimfiɗa su, da asuba a ɗebe, alamarsu wani lokaci 'yar jarka ce ko guntun soso. Ka bi ta kai da takobinka mai mita ɗaya da rabi, ka yanke wa mutum abincin 'ya'yansa. Don haka kafin komai, Alhaji, ka sayi goro ka je ka gaida Sarkin Ruwa na wurin da za ka riƙa sauka, a haɗa ka da yaro ɗaya da ya san ruwan. Ka kuma leƙa ofishin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, su ke da dam ɗin, ka gaya musu abin da kake nufi.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. Wallahi ko ɗaya daga cikin ukun nan bai zo mini a rai ba.

Maman Ilham:
Ni tambaya ɗaya gare ni, Baban Hanifa, kuma ka yi haƙuri. Ka ce mako guda a ruwa. Maman Hanifa ta san da wannan makon? Don na ga kuna ta lissafin kilo da doki, ba wanda ya ce a ina za ta yi wanka, a ina za ta kama ruwa, a ina za ta ɗora tukunya, kuma wa zai riƙe ɗan shekara huɗu lokacin da kai kake fama da igiya. Ɗakin faiba a rufe a watan Afrilu ai tanderu ne. Ka buɗe kuma sauron bakin ruwa ya yi muku sallama. Ga kwalekwalen masunta suna wucewa ta ko'ina, mace ba ta da inda za ta cire mayafi ta sha iska. Ku maza hutu za ku je, ita kuwa an mayar mata da kicin cikin akwati ne, akwatin ma yana rawa.

Baban Hanifa:
Hajiya, na gaya mata mana. Cewa ta yi Allah ya kai mu.

Maman Ilham:
To ai ba ta amsa ba ke nan.

Sarkin Tsokana:
Hajiya ta kifar da jirgin tun bai bar Amurka ba.

Ɗan Kwari:
Ni a ganina duk wahalar banza ce. A Legas ana ƙera jiragen faiba, ka sayi ɗaya, ka ɗaura masa Yamaha 15, a yi masa rumfa, shi ke nan. Makanikin injin yana nan, kayan gyara suna nan. Wace iska ce a Kano da za a dogara da ita? Kuma wannan abu ba al'adarmu ba ce.

Malamin Hausa:
Alhaji na Kwari, iska kam akwai ta, tambayi mai shanya a hunturu. Maganar al'ada kuma, kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, in sun ratsa Chadi da Sudan suka isa Sawakin, da me suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda? Da yawansu a jiragen filafili ne na Larabawa. Ba mu ƙera ba, amma mun hau.

Jikan Sarkin Ruwa:
Kan batun iska bari in ƙara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, takan tashi da hantsi ta lafa da yamma, kuma ruwa yana da sauran cika. Wannan ne lokacinka. Illarsa hazo, wata rana ba ka hango ɗaya gaɓar, ga sanyin asuba a kan ruwa ba irin na cikin gari ba ne. Bazara zafi da ƙarancin ruwa. Damina kuwa, musamman farkonta, ita ce abin tsoro. Ana zaune lafiya sai gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif kamar an rufe ƙofa, sannan ta zo gaba ɗaya da ƙura kafin ruwan. Masunci yana ganin haka yake neman gaɓa mafi kusa, ba tasharsa ba, kowace gaɓa. Shi ya sa nake cewa jirgin da zai iya hawa kan yashi a ko'ina ya fi mai gudu. Mai gudu sai ya koma inda tirela take. Mai sauƙi kuwa duk inda ya samu ƙasa gida ne.

Bakano a Amurka:
Wannan magana ta Jikan Sarkin Ruwa a rubuta ta da ruwan zinare. In ƙara da lissafi: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take dukan filafili da shi ninki huɗu yake yi. Don haka duk jirgin da za ka saya, ka tabbata ana iya rage filafilinsa cikin minti biyu, kuma ka koyi yin hakan tun a tsakar gida. Sannan jigon alminiyon a tsakiyar ruwa lokacin tsawa, kai ne abu mafi tsawo a wurin. Ko a tudu ma, kafin ka ɗaga jigo ɗaga kanka tukuna ka duba wayar lantarki. A nan an sha rasa rayuka ta haka.

Anti Dakta:
Na daɗe ina bin zancen, bari in sa baki ta fuska biyu.

Ta fuskar aikina: tsargiya. Ruwan dam da na hanyoyin ban-ruwa a yankin nan an san su da ita. Ƙwayar cutar tana fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa marar zurfi mai ciyawa, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ba. Wato daidai wurin da za ka tsaya kana tura jirgi, daidai wurin da yara za su so yin wasa. Ka sayi dogon takalmin roba, yara kuma a ɗauke su a sa su a jirgi, ban da wanka a gaɓa. In ka ga jini a fitsarin yaro bayan wasu makonni, asibiti, maganinta praziquantel ne kuma yana aiki. Ruwan sha daga gida.

Rigar ruwa kuma ba a ajiye ta a ƙarƙashin kujera, a jiki take zama, kowa da daidai girmansa, ta ƙaramin mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu don kar ta zame ta kai. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. Ruwan da ya fi Tiga ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ta fuska ta biyu, lokacin da nake karatu a Ingila na koyi tuƙin irin jiragen nan, kuma wanda na fi sabawa da shi sunansa Drascombe Lugger. Wani tsohon sojan ruwa, John Watkinson, ya tsara shi a shekarun 1960 don ya riƙa fita da iyalinsa. Tsawonsa bai kai mita shida ba, ba shi da ɗaki, buɗaɗɗe ne kamar babban kwalekwale mai zurfi, yara a ciki suke zama ba a kai ba. Jigoginsa biyu gajeru ne na katako, mutum ɗaya yana ɗagawa, kuma suna kwanciya a cikin jirgin in za a tafi. Babban filafilinsa ba shi da sandan ƙasa da ke bugun kan mutane in an juya. In an ɗage takobinsa ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi, ana tuƙa shi da hannu, yana da gurbin ƙaramin inji. Sienna ba za ta san tana jan komai ba. Ba shi da gudu, kuma ba ya son fuskantar iska sosai, wannan gaskiya ne. Amma ni da za a tambaye ni, shi ne jirgin Tiga. Kwana kuma a yi shi a tudu.

Baban Hanifa:
Amin ya Allah. Anti, na gode ƙwarai. Amma in babu ɗaki ai mafarkin ya ragu. Ni burina mu kwana a kan ruwa, mu tashi da asuba a kan ruwa.

Bakano a Amurka:
To ga tsaka-tsaki: West Wight Potter 19. Shi ma bai kai mita shida ba, nauyinsa wajen kilo 560, yana da ɗan ɗaki mai makwanci huɗu, an cusa masa soso a jiki yadda ko ya cika da ruwa ba ya nutsewa. Takobinsa sama ake jawo shi a miƙe, sai cikin jirgin ya zama kusan shafaffe, ya hau yashi. Aibinsa shi ne abin da Jikan Sarkin Ruwa ya faɗa, in takobin ya bugi kututture ba ya lanƙwashewa. Kuma makwanci huɗu na talla, a gaskiya manya biyu ne da yara biyu da suke shiri da juna. Kwana ɗaya zai yi daɗi. Kwana bakwai, sai an kira dattawa sulhu.

Ɗan Kiliya:
Ku dai zaɓa, a ƙarshe wurinmu za ku zo. Tsohon jirgi irin waɗannan a Amurka 'yan dubban daloli ne, wani ma mai shi neman kai yake da shi. Kawo shi ne aikin. Kwantena faɗin cikinta wajen mita 2.35 ne, ƙofarta ma ta ɗan fi haka matsi, don haka ka auna faɗin jirgi da na tirela kafin ka biya. Catalina 22 faɗinsa ya kusa cinye wannan awon gaba ɗaya. Ƙanana irin su Lugger suna shiga da sarari, har ka cika sauran wurin da wasu kaya su rage maka kuɗin dako. Bayan nan ga kwastan, ga kuɗin tasha, ga kusan kilomita dubu daga Legas, ko ka sa a wuce da kwantenar tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. Kar ka yi mamaki in kuɗin hanya ya fi kuɗin jirgi. Kuma kar ka sayi abin da ba wanda ya taka ya duba maka. Tsohon faiba yana ɓoye ruɓaɓɓen katako a ciki.

Injiniya na Sharaɗa:
Shi ya sa ni da nawa ne, tirelar a nan zan haɗa ta. Ƙarfe yana Ƙofar Ruwa, masu walda kuma ba mu rasa ba. A sa mata gatari da taya irin na motar da ake samun kayanta a kowane gari, ba 'yan ƙananan tayoyin Turawa da in ɗaya ta fashe a Kwanar Ɗangora sai ka kwana ba. A yi mata dogon wuya da ake ƙarawa, don mota ta tsaya a busasshiyar ƙasa tirela ta shiga ruwa. Nauyin da ke kan ƙugiya ya zama kamar kashi ɗaya cikin goma na duka, in ya gaza haka tirela za ta riƙa wutsiya a titi. In kun isa kuma a bar boris ya huce kafin a tsoma shi, don mai zafi yana zuƙar ruwa, giris ya lalace.

Kai, jirgin ma ana iya yinsa a nan. Akwai hanyar da ake yanka falankin filawud, a ɗinke da waya, a shafe da gam ɗin ifoksi da ƙyallen faiba, tun shekarun 1960 Turawa ke yin ƙananan jirage haka a garejinsu. Sai dai filawud ɗin 'Yan Katako na kabad ne da silin, ba na ruwa ba. Gwajinsa mai sauƙi: yanki ɗan guntu ka tafasa a tukunya awa biyu. In ya ɓare, ka bar shi a kasuwa.

Sarkin Tsokana:
Yanzu kuma an koma dafa katako. Maman Hanifa tana shigowa kicin ta tarar da miyar filawud.

Matashin Nassarawa:
To maganar mako guda fa? Tiga kwana biyu ka gama zagaye ta. In mako ake so ai sai Kainji.

Jikan Sarkin Ruwa:
Da jirgin iska ba za ka gama Tiga a kwana biyu ba, lungunanta suna da yawa. In ka gaji da ita ga Challawa a Ƙaraye. Kainji babba ce, tsawonta ya haura kilomita 100, igiyar ruwanta ba wasa ba, akwai dorina, ga nisan hanya da tirela a baya, ga yanayin tsaron dajin wajen. Ba wurin koyo ba ne da yara.

Malamin Hausa:
Tunda an zo maganar kwana, salla a jirgi ta halatta, ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya a juya. Amma a ɗan jirgi mai rawa irin wannan, ga gaɓa kana gani, ai sauka ya fi. Wani dalilin ke nan na sayen mai iya taɓa ƙasa.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, na goge saƙonni biyu na masu tallan fili. Baban Hanifa, shawarata gani ya kori ji. Je ka Tiga tukuna ba tare da jirgi ba.

Baban Hanifa:
Salam. Na dawo da rahoto. Jiya Asabar muka je, mu biyar, ta titin Zariya muka karya ta Bagauda. Jikan Sarkin Ruwa ya haɗa ni da wani kawunsa, dattijon kirki, Allah ya saka masa. Abin da na gani: daga inda mota za ta iya tsayawa zuwa bakin ruwa na ƙirga taku 140, rabinsu taɓo. Na ce bari in gwada matsawa da Sienna kaɗan, ba tirela ba komai, sai da samari huɗu suka turo ni. A nan na yi wa MacGregor sallama.

Mun ɗauki hayar kwalekwale, da rigunan ruwan da na saya ranar Juma'a. Iska tana kaɗawa daidai, har dattijon ya ce da an kafa zani a sanda da ta kai mu tsallake. Maman Hanifa ta ji daɗi fiye da yadda na zata, ita ce ma ta ce a ƙara gaba. Minti arba'in da tashi autan ya ce zai yi kashi. Hajiya Maman Ilham, na tuna da ke.

Yanzu tsakanin biyu nake, Lugger ko Potter 19. Ni na karkata ga Lugger saboda kututturen da dattijon ya nuna mini da bakin sandarsa, ɗaya ko taku goma bai kai ba daga inda muka bi. Ita kuma ta ce in babu ɗakin da za ta shiga ta ja labule, da po na yara a ciki, to mu je mu dawo lafiya, tana gida.

Anti Dakta:
Akwai yayan Lugger mai suna Drascombe Coaster, ya fi shi tsawo da kusan mita ɗaya, yana da ɗan ɗaki mai makwanci biyu, takobinsa kuma mai lanƙwashewa ne. A Ingila za ka neme shi, ba Amurka ba. Kun shiga ruwan da ƙafa jiya?

Baban Hanifa:
Ni kaɗai, Anti, wajen turo mota. Yaran ɗaukarsu aka yi.

Bakano a Amurka:
Ni har yanzu Potter nake gani, amma ba zan yi musu da wadda za ta riƙe yara ba. Kowanne ka saya, wata uku na farko kai da yaron Sarkin Ruwa kaɗai, sai hannunka ya faɗa sannan iyali.

Injiniya na Sharaɗa:
Kafin ka kira Ɗan Kiliya, ɗauki tef ka auno mini faɗin get ɗinku da tsawon tsakar gida, da kuma faɗin layinku, don in san ko tirela mai mita bakwai za ta iya karya kwana ta shiga. Wace unguwa kake ma?

Baban Hanifa:
Cikin gari, Injiniya. Wajen Mandawari.

Injiniya na Sharaɗa:
Inna lillahi. To fara neman inda za ka ajiye shi tukuna.